Iskar Etilin a Kwandon Tumatir da Gonar Dawa





An nemi in yi magana a kan wani babi na kimiyyar sinadarai wanda duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na sakandare ya taɓa haddace shi, watau babin iskar etin, wadda masu masana'antu da masana aikin gona suka fi sani da etilin. Galibi akan haddace shi ne domin jarrabawa, in an fito a manta. Ni kuwa so nake in ɗauke shi daga kan allo in kai shi ƙasar Rano da Kibiya, domin a can akwai noman rani da ruwan madatsar Tiga ya kawo tun da aka gama ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, akwai noman dawa da gero da wake na damina, akwai kuma kasuwanni. A kowane ɗaya daga cikin ukun nan wannan iska tana aiki, ko mutane sun san sunanta ko ba su sani ba, kuma akwai dukiya da lafiya da ake asararsu saboda rashin saninta.

To, bari mu fara da ƙirarta. Ƙwayar zarra ta kabon, watau abin da gawayi ya ƙunsa, hannu huɗu gare ta. Ta haidurojin hannunta ɗaya. Idan kabon guda ya kama haidurojin huɗu an sami metan, iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓen ciyayi a ƙarƙashin ruwan fadama. Idan kabon biyu suka riƙe juna da hannu ɗaya ɗaya, sauran hannuwa uku uku suka kama haidurojin, an sami etan, C2H6. Etan ƙosasshe ne, ba shi da hannun da zai karɓi baƙo, saboda haka ba ya saurin shiga harka da kowa. Amma idan kabon biyun suka riƙe juna da hannu biyu biyu, haidurojin huɗu kaɗai za su samu wuri, wannan ita ce etilin, C2H4. In kuwa da hannu uku uku suka riƙe juna, to, asitilin ke nan, C2H2, iskar masu walda, wadda za mu sake haɗuwa da ita nan gaba a kasuwar 'ya'yan itace.

Wanda ya ji an ce ɗauri biyu sai ya zaci ƙarfinsa ya ninka na ɗauri ɗaya. Ba haka abin yake ba. Ɗauri na farko yana miƙe sosai tsakanin kabon da kabon, yana da ƙarfi. Na biyun kuwa a waje yake, rabi a sama rabi a ƙasa, a fili inda kowa zai iya kai masa hannu. In aka auna, tsinka ɗauri guda yana cin kimanin kilojul 350, tsinka tagwayen kuwa kimanin 610 ne, bai kai 700 ba. Ka ga ke nan na biyun ya fi rauni. Duk abin da za mu faɗa yau daga nan ya taso: ɗaurin waje yakan buɗe, kowane kabon ya sami hannu ɗaya a sake, ya kama wani abu sabo. Har ila yau tagwayen ɗaurin nan suna hana ƙwayar juyawa. Ƙwayoyin zarra shidan suna kwance a shimfiɗe kamar faifai, kusurwar da ke tsakanin hannu da hannu kimanin digiri 120.

Iskar ba ta da launi, tana da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 104 ƙasa da sifiri. Nauyin ƙwayarta 28, na iskar da muke shaƙa kimanin 29, don haka in ta shiga ɗaki ba ta tashi sama ba ta kwantawa ƙasa, sai ta gauraye ko'ina. Tana cin wuta, in ta kai wajen kashi 3 cikin ɗari na iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi wurin.

A 1795 waɗansu masana huɗu a ƙasar Holan suka dafa etanol, watau sinadarin da ke sa maye a giya, tare da asid ɗin salfa mai kauri, wanda in an tsarma shi yake zama ruwan batir. Suka tara iskar da ta fito, suka haɗa ta da kulorin, sai suka ga wani ruwa mai maiƙo ya taru, suka sa mata suna iska mai haifar da mai. Hanyar da suka bi ita ce har yau ake nuna wa ɗalibai: a digiri 170 asid yana zare ruwa daga etanol, etilin ta fita. A masana'anta kuwa akan bi hanyar nan a juye. Akan haɗa etilin da tururi a wajen digiri 300, a matsa su da matsi ninki 60 zuwa 70 na iskar duniya, a bisa asid ɗin fosfat, sai ruwa ya hau ɗaurin da ya buɗe a sami etanol. Asid ɗin nan dillali ne, shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ba ya cikin kayan, sai dai wannan dillali ko la'ada ba ya karɓa, yadda ya shiga haka yake fita. Shi kuma ruwan nan mai maiƙo na mutanen Holan, daga gare shi ne a yau ake yin robar PVC, wadda ake bututun ban-ruwa da ita a lambuna.

Gwajin da malamai suka fi so shi ne na ruwan buromin, mai launin ruwan goro. In aka busa etilin a cikinsa sai launin ya ɓace nan take, domin buromin biyu sun hau kabon biyu. In etan aka busa, ba abin da zai faru sai an kai kwalbar hasken rana. Malamin da ba shi da etilin a makarantarsa yana iya ɗiga man gyaɗa ya girgiza, launin zai tafi, domin man gyaɗa cike yake da tagwayen ɗauri irin na etilin. Su ne suke lanƙwasa ƙwayoyinsa su hana su jeruwa, shi ya sa yake ruwa-ruwa alhali kitsen sa yana daskare.

Wannan magana ta man gyaɗa ba ƙarama ba ce a tarihinmu. A 1897 Bafaranshe Paul Sabatier da abokin aikinsa Senderens suka gano cewa garin ƙarfen nikel yana sa haidurojin ya hau etilin ta koma etan. Ba a daɗe ba wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi amfani da dabarar a kan mai, ya yi mata rajista a 1902, aka sami hanyar daskarar da man tsiro ya zama abin shafawa a burodi da abin yin sabulu. Nan da nan masana'antun Turai suka shiga neman mai ido rufe. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai za a ɗora masa, manoman ƙasar Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, kuma daga 1912 cinikinta ya bunƙasa. Dalar gyaɗar da iyayenmu suke ba da labari, har da gyaɗar Rano da Kibiya a cikinta, ƙafarta ɗaya tana tsaye a kan wannan ɗauri da ke buɗewa ya karɓi haidurojin. Daga baya ne likitoci suka gane cewa in an daskarar da mai rabi da rabi, waɗansu ɗaurin da suka rage sukan birkice su zama wani irin kitse mai toshe jijiyar zuciya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2018 a kawar da shi daga abinci.

Tun da Rano muke magana, ba zan wuce ban taɓo shuni ba. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba. Idan tagwayen ɗauri suka jeru a ƙwaya ɗaya, ɗauri biyu, ɗauri ɗaya, ɗauri biyu, sinadarin yakan shanye wani sashe na hasken rana ya bar mana launi. A tsakiyar ƙwayar shuni akwai ɗauri biyu tsakanin kabon da kabon, irin na etilin sak. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Abin da marini yake yi a karofi, da toka da kwanakin jira, shi ne ya bar ƙananan halittu su ƙara wa shunin haidurojin, jerin ɗaurin ya sauya, ya narke ya shiga zare. Shi ya sa tufa take fitowa kore-kore, sai ta sha iska ta koma shuɗiya. Marina sun yi ƙarnuka suna sarrafa wannan ba tare da allo ba, kafin kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897.

Wani gwajin kuma shi ne na famanganet, mai launin shunayya. Shi ma etilin tana kashe launinsa, a sami gilaikol. A masana'anta akan fara haɗa etilin da oksijin a bisa azurfa, a sami wata iska mai guba wadda da ita ake kashe ƙwayoyin cuta a sirinji kafin a rufe shi a leda, sa'an nan a ƙara mata ruwa ta zama gilaikol. Shi ake zubawa a lagireton mota, da shi ake yin yadin foliyesta da gorar ruwan sha. Yana da zaƙi, yana kuma kashe ƙoda. Ƙanensa mai suna dayetilin gilaikol shi ne ya shiga maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu a Nijeriya a ƙarshen 2008 da farkon 2009. An sa shi ne a madadin wani sinadari mai kama da shi a ido da a harshe, wanda ba ya cutarwa. Ma'aikatan lafiya da ke nan su lura: bambancin da ke tsakanin sunayen nan biyu, wanda ɗalibi yake ganin wahalar banza ce, shi ne bambancin magani da guba.

Saura babban aikin etilin a duniyar masana'antu, inda take kama 'yar'uwarta. In ɗaurin ƙwaya ɗaya ya buɗe ya kama ta biyu, ta biyu ta kama ta uku, haka har dubbai, an sami sarƙa doguwa, folitin, watau leda. A 1933 Eric Fawcett da Reginald Gibson na kamfanin ICI a Ingila suka ci karo da ita, suna gwaji da matsi fiye da ninki 1,000 na iskar duniya. Ledar da ake yi ta wannan hanya sarƙarta tana da rassa, don haka tana da laushi, ita ce jakar cefane da ƙullin fiya-wata. A 1953 Karl Ziegler a Jamus ya samo dillalin da ke yin aikin ba tare da wannan matsi ba, sarƙar ta fito miƙaƙƙiya, robar ta yi tauri, ita ce jarka da bokiti da tankin ruwa. Etilin da ake wannan aiki da ita, fiye da tan miliyan 150 a shekara a duniya, daga man fetur da iskar gas ake samo ta, a gasa su da tururi a zafin da ya haura digiri 800 har manyan ƙwayoyi su farfashe. A ƙasarmu masana'antar Eleme kusa da Fatakwal, wadda kamfanin Indorama ya saya a 2006, tana yin wannan.

Ku duba abin da ya faru. Etilin mai yunwa ce, amma da ta zama leda duk hannuwanta sun cika, ta ƙoshi kamar etan. Asid ba ya cinta, ruwa ba ya shigarta, ƙwayoyin da ke ruɓar da ganye ba su san inda za su kama ta ba. Amfaninta ke nan, illarta ke nan. Manomin ƙasar Kano tun kaka da kakanni yana kwasar sharar gari ya kai gona ta zama taki. Yanzu in ya watsa takin, iskar bazara sai ta bar masa gona da baƙar leda a maƙale a kowane kara. Akuya da saniya suna haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabba ta riƙa ramewa tana ci ba ta ƙiba, sai mahauci ya farka ciki a ga dalili. Ƙona ta ma sai da lura, musamman guntayen bututun PVC, domin akwai kulorin a jikinsa, hayaƙinsa yana fitar da iskar asid mai ƙona huhu da waɗansu sinadarai masu guba. Amma wannan toshewa ta leda ita ce kuma ta ba mu buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ce mai kauri a cikin buhu na uku. In an zuba wake an ɗaure kowace da kyau, ƙwarin da ke ciki sukan shanye oksijin su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba.

Yanzu mu bar masana'anta mu shiga lambu, domin abin mamaki shi ne tsiro ma yana yin etilin da kansa, kuma da ita yake aika saƙo. A 1901 wani ɗalibi a birnin San Fitasbag na Rasha, Dimitri Neljubow, ya ga tsiron wani ɗan'uwan wake a ɗakin gwaji yana kwantawa maimakon ya miƙe, ya bi diddigi ya gano etilin ce da ke cikin gas ɗin fitilun ɗakin. A 1934 Richard Gane a Ingila ya tabbatar da cewa tuffa tana fitar da ita. A 1979 Shang Fa Yang da ɗalibinsa Adams a Kalifoniya suka gano matakin ƙarshe na yadda tsiro yake ƙera ta. Abin da tsiro yake buƙata kaɗan ne ƙwarai: kashi ɗaya cikin miliyan na iskar ɗaki, ko ma ƙasa da haka, ya isa ya sa ayaba ta fara nuna.

Ayaba da mangwaro da gwanda da tumatir suna da wata ɗabi'a: in suka ji etilin sai su ma su fara fitar da tasu, abin ya riƙa haɓaka. Wannan shi ne asirin abin da tsofaffi suke yi, su rufe ɗanyen mangwaro a tukunya ko buhu, su jefa nunanne ɗaya a ciki. Lemo da abarba ba su da wannan ɗabi'a. Ɓawon lemo yana iya sauya launi, amma zaƙinsa ba ya ƙaruwa bayan an tsinke shi.

To, mu bi kwandon tumatir. Ruwan Tiga yana bi ta Ruwan Kanya ya gangara Kadawa da Bunkure da Kura. Manomi ya tsinki tumatir, an kai Kwanar Gafan, an cika kwando har ya yi tozo, an ɗora wani a kansa, mota ta kama hanyar Ikko, tafiyar kilomita wajen 1,000. Tsinin kwando yana huda na gefe, nauyin na sama yana fasa na ƙasa. Tumatirin da ya ji rauni kuwa yana fitar da etilin fiye da lafiyayye. Iskar ta taru a ƙarƙashin rufi, zafi ya ƙara mata gudu, na kusa ya nuna ya yi laushi ya fashe, shi ma ya fara fitar da tasa. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, a nan maganar ba misali ba ce, haka take a zahiri. Jan launin tumatir, laikofin, shi ma jerin tagwayen ɗauri ne guda 11 irin wanda muka faɗa wajen shuni, kuma tumatir ba ya iya ƙera shi sosai in zafi ya haura digiri 30, shi ya sa wanda ya nuna a cikin zafin mota yake fitowa rawaya-rawaya, mai saye ya rage masa kuɗi.

Maganin abin ba ya buƙatar digiri. A tsinka da safe, a ajiye a inuwa, a ware fasasshe da wanda ya nuna tuɓus tun a gona, a yi lodi a kwandon roba mai ƙofofi wanda yake ɗaukar nauyin na samansa da gefensa. A daina haɗa ayaba ko nunannen tumatir da kabeji da latas da kokwamba a mota ɗaya, domin etilin tana mayar da ganye rawaya, tana sa karas ɗaci. A manyan rumbunan ajiya akan sa famanganet ɗin nan na ɗakin gwaji ya shanye iskar. Na san akwai maganar kuɗin kwandon roba da kuɗin dawo da shi ba kaya, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Amma a ganina wannan lissafi ne da ya kamata ma'aikatar gona da ƙungiyoyin manoma su zauna su yi da alƙalami, kwando nawa ya tashi, nawa ya isa da lafiya, maimakon a bar shi a matsayin ƙaddarar hanya.

Na yi alkawarin za mu sake haɗuwa da asitilin. Kabaid ɗin masu walda, in ya sha ruwa ko laima, asitilin yake fitarwa. Da yake ƙwayarta ta yi kama da ta etilin, 'ya'yan itace sukan ruɗu su ɗauka ita ce, ko da yake sai an zuba musu ninki ɗaruruwa ko fiye kafin su amsa. Waɗansu masu sayar da ayaba da mangwaro sukan ƙulle kabaid a takarda su tura cikin tulin kaya su rufe, kwana ɗaya ko biyu komai ya yi rawaya. Hukumar NAFDAC ta hana wannan, ta kuma sha yin gargaɗi a kai. Dalili shi ne kabaid na kasuwa ba tsarkakakke ba ne, akwai fosfarus da asanik a cikinsa, in ya jiƙa yana fitar da iskokinsu masu guba. Ɗaya daga cikinsu, fosfin, ita ce dai iskar da ƙwayar maganin rumbu take fitarwa ta kashe ƙwari. Wanda ya fi kowa shaƙarta shi ne yaron shagon da yake buɗe rufin da safe. Ga kuma haɗarin gobara. Daɗin daɗawa, da yake kabaid yana ba da launi ko da kayan ba su ƙosa ba, yana sa a tsinko mangwaro tun yana ɗanye shakaf, a sayar wa mutum abin da bayansa rawaya cikinsa tsami. A ƙasashen da suka tsara abin, ɗaki ake ginawa mai sanyi, a saki etilin tsantsa kimanin kashi 100 cikin miliyan na kwana ɗaya, irin iskar da ayabar take yi da kanta. Ni ina ganin duba-gari da kame kaɗai ba za su raba ɗan kasuwa da kabaid ba, muddin ba a gina masa irin wannan ɗaki a kasuwa ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi shafar mutumin Tarai ko Rurum da ba shi da lambu, sai gonar tudu. Kowa ya san ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, mai fure ja-ja da ke fitowa a gindin dawa da gero da masara. Kafin a gan shi a sama ya riga ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsar saiwar dawa. Tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai goma-goma, ƙanana kamar ƙura, kuma irin yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Abin da yake jira shi ne, bayan ya sha laima da ɗumi na mako ɗaya ko biyu, ya ji wani sinadari da saiwar dawa take fitarwa. In ya ji, sai ya ƙera etilin a cikinsa, etilin ɗin ta tsirar da shi. Guzurinsa kaɗan ne, in bai kama saiwa cikin 'yan kwanaki ba ya mutu.

A 1956 aka ga wani ɗan'uwan ƙudujinmu a gonakin masara na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka. Masanansu suka yi tunani: tun da etilin ce take tashin irin, me zai hana a ba shi ita lokacin da babu masara a gona? Daga shekarun 1970, a ƙarƙashin aikin da Robert Eplee ya yi fice a cikinsa, suka riƙa cusa iskar a cikin ƙasa da tarakta, abin da bai kai kilo 2 ba a hekta. Irin ya tsiro, bai sami saiwa ba, ya mutu. Da wannan, da maganin ciyawa, da hana fitar da ƙasa da amfanin gona daga yankin, suka tsarkake fiye da kashi 99 cikin ɗari na filin da ya kamu. Aikin ya ci shekaru da dama da kuɗi masu yawa.

Ba ina cewa a kawo tukwanen gas Kibiya ba. Ƙaramin manomi ba shi da tarakta da injin cusa iska, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Afirka sun nuna irin ƙudujin dawa ba ya amsawa daidai da na Amurka a ko'ina. Amma dabarar, watau a tashe shi ya mutu da yunwa, tana nan a hannunmu ta wata hanya. Saiwar auduga da ta waken soya da ta gyaɗa suna fitar da sinadarin da ke tashin irin ƙudujin dawa, alhali ba ya iya kama su. Hasali ma daga saiwar auduga aka fara tace wannan sinadari a 1966. Kowace damina da aka shuka ɗayansu a gonar da ta kamu, an rage ajiyar irin da ke ƙasa. Sai dai a lura, wake yana da nasa ƙudujin dabam. An kuma gano cewa dawar da ke ƙasa marar taki, mai ƙarancin fosfarus da naitirojin, ta fi fitar da sinadarin kiran, watau da bakinta take kiran maƙiyinta, shi ya sa ƙuduji ya fi yawa a gajiyayyar gona. Malamin gona da ya fahimci wannan zai iya gaya wa manomi dalilin juya shuka da zuba taki da shuka irin da cibiyoyin bincike na Samaru da IITA suka fitar, da dalilin tuge ƙuduji a ƙone shi kafin ya zubar da iri, ba a yar da shi a kunya ba. Manomi in an ba shi dalili ya fi riƙe magana.

Ga ɗalibai kuwa, akwai aikin da za ku iya yi a hutun nan da kwali uku da ɗanyen tumatir 30 masu kai ɗaya. Kwali na farko tumatir 10 kaɗai, na biyu ku ƙara nunanniyar ayaba, na uku ku ƙara tumatir ɗaya da kuka ƙuje da gangan. Ku rufe, ku ajiye a ɗaki ɗaya, ku riƙa dubawa kowace safiya kuna rubuta nawa suka sauya launi, nawa suka yi laushi. Ku kawo mana alƙaluman in an dawo.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika, kuma akwai masu tambaya.